Ayarin tsofaffin motoci a ƙasar tafkuna: me za a duba, yaya za a jera?

Jagaba:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Muna shirya fita ta kwana huɗu da tsofaffin motoci goma sha biyu, a yanki mai tafkuna da duwatsu. Akwai Beetle biyu, MGB biyu, Mini ɗaya, Morris Minor ɗaya, Fijo 504 biyu, Marsandi W123 uku, ɗayarsu mai shan dizal, sai Citroën DS ɗaya. Babu wadda ba ta haura shekara 30 ba. Saura mako shida. Abu uku nake nema a wurinku: kilomita nawa ya kamata a yi a rana, me za a duba a jikin motocin kafin a tashi, kuma yaya za a jera ayarin don kada a watse. Iyayenmu masana hanya, bismillah.

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fara da lissafin kilomita. A taswira hanyar bakin tafki kamar tabarma take a shimfiɗe, amma tafkunan nan galibi a cikin kwari suke kwance, tsakanin kwari da kwari kuwa dutse ne. Duk sanda za ku bar wani tafki ku nufi wani, hawa ne da gangara. A bakin ruwan kuma garuruwa ne a jere, ga masu yawon buɗe ido, ga manyan motocin safa, a matsa kaɗan a tsaya. Tsohuwar mota ba nisa ke kayar da ita ba. Dogon hawa a hankali, doguwar gangara a kan birki, da tsayuwa cikin cunkoso inji yana silo, su ne masu kayar da ita. Dukkansu zafi ne, kuma ƙasar tafki a wuni ɗaya take haɗa maka su.

Don haka kada ku wuce kilomita 150 zuwa 180 a rana. Ku yi lissafi da kilomita 40 a awa, ba 70 ba. Awa huɗu zuwa huɗu da rabi ke nan a kan sitiyari, ragowar wunin na zango ne da kallon ruwa da abin da ba a rasa ba. Ranar farko ta fi kowace gajarta, kamar kilomita 100, domin motar da ke ɓoye ciwo a ranar take fito da shi, gara ya fito da rana tsaka kusa da gari. Sannan a auna tafiyar da mota mafi rauni. Beetle 1200 ƙarfin dawaki 34 gare ta. Idan mai dizal ɗin nan 200D ce, ba ta wuce 60 ba, ga nauyin jiki. Su ne ma'auninku.

Yaya Mai Taswira:
Tunda Jagaba bai faɗi yankin da za ku ba, maganar Baba ta hawa tsakanin tafkuna, ga ta a zahiri a ƙasashe daban-daban. A yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, hanyar A591 daga Windermere zuwa Keswick, ta Ambleside da Grasmere da gefen Thirlmere, kowace mota a jerinku za ta yi ta ba wahala. Amma daga Windermere zuwa Ullswater sai an haye mashigin dutsen Kirkstone, mai tsayin mita 454. Daga Borrowdale zuwa Buttermere akwai Honister, inda tsayuwar tudun ta kai kashi 25 cikin ɗari. Hardknott ya kai kashi 30, ga kwanoni masu kaifi, ga hanyar mota ɗaya take ɗauka. Ni ba zan sa mota goma sha biyu a Hardknott ba. Guda ɗaya ta mutu a tsakiyar kwana, duk na bayanta sai sun tashi daga tsaye a kan wannan tudun, nan ne kuloci yake ƙonewa. Waɗanda suka nace a ware musu safiya, su tafi su biyu ko uku, a haɗu a zango.

A arewacin Italiya matsalar daban ce. Zagayen tafkin Garda kimanin kilomita 150 ne, gaɓarsa ta yamma cike take da ramukan da aka huda cikin dutse, a shiga duhu a fito haske. A tafkin Como hanyoyin matsattsu ne, katanga har bakin kwalta. Ga unguwannin da ake kira ZTL a tsakiyar tsofaffin garuruwa, inda aka hana mota shiga sai da izini, kyamara ke ɗaukar lamba, idan na gaba ya shiga bisa kuskure kowace motar da ta bi shi tararta daban. A Suwizalan, daga tafkunan Thun da Brienz idan aka nufi mashigin dutsen Susten ko na Grimsel an haura mita 2,000, kuma dusar ƙanƙara tana rufe su daga wajen Oktoba ko Nuwamba har wajen Yuni. Mai son tafkuna ba tare da irin wannan hawan ba, Finger Lakes na jihar New York a Amurka sun fi sauƙi. Tafkuna 11 ne, kuma a Watkins Glen, kudancin tafkin Seneca, har yanzu ana bin tsohuwar hanyar tseren 1948, mil 6.6 a kan titin kowa da kowa.

Kawu Bakanike:
Mako shida ya isa in an fara yau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zan fara da ruwa, don shi ne zai fara nuna kansa.

A zubar da ruwan lagireto duka, a cire tiyon sama da na ƙasa, a sa ruwa ta ƙasa ya fito ta sama har sai ya daina zuwa da tsatsa. A yi wa inji haka shi ma. Bayan an mayar, a bar inji ya yi zafi, a kashe, a bi fuskar lagireton da tafin hannu. Inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin a toshe suke. In wurin ya yi faɗi, wanki ba zai yi ba, sai an kai shi an sake masa ciki. Irin wannan lagireton yana yawo a gari lafiya lau shekara da shekaru, hawan minti goma zai tona shi.

Murfin lagireto mutane ke rainawa. Shi ke riƙe matsi, matsin kuma shi ke hana ruwa tafasa da wuri. Murfi mai matsin psi 7 yana kai tafasar ruwa wajen digiri 111. Idan robarsa ta tsage matsin ya tafi, kuma a tsayin mita 2,000 ruwa zalla a wajen digiri 93 yake tafasa. A sayi sabo, amma mai lambar da littafin motar ya ce. Kada a ɗora mai psi 15 a kan tsohon lagireto, zai nemi inda ya fi rauni ya fasa.

Tiyo a matsa shi da hannu inji a sanyaye. Wanda ya yi laushi kamar tsumma ko ya bushe ya tsattsage, a sauya. Na ƙasa ya fi muhimmanci, don idan ya yi laushi famfon ruwa yana tsotse shi ya manne sa'ad da aka ba da wuta, daidai lokacin hawa ke nan. Mai Mini ya duba ɗan guntun tiyon nan da ke tsakanin famfon ruwa da kan inji, ƙarami ne amma shi ke zubar da ruwa duka. Fambel a danna shi a tsakiya, ya lotsa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A kama fanka a girgiza, in tana wasa boris ɗin famfon ruwa ya kusa. Ruwan da za a zuba rabi ruwa rabi maganin daskarewa, tsohon samfurin nan shuɗi wanda ya dace da lagireton tagulla. Kuma a saita lokacin wuta, domin injin da wutarsa ke makara zafi yake yi ko da lagiretonsa sabo ne fil.

Autan Zaure:
Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Wasu suna cewa a cire tamostat, bawul ɗin nan da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, gaba ɗaya kafin irin wannan tafiyar, ruwa ya riƙa gudu ba shamaki. Ya kake gani?

Kawu Bakanike:
Auta, kada ka cire. Da safe a bakin tafki akwai sanyi, injin da ba shi da tamostat zai daɗe bai kai zafin aiki ba, yana shan mai da yawa, man yana wanke jikin silinda. A doguwar gangara ma zai huce ya wuce kima. A wasu injunan kuma tamostat ne ke tilasta wa ruwa bin lagireto, in babu shi wani sashe ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya, bayan kan inji ya ɗau zafi allurar zafi ba ta nuna ba. Gwada shi za ka yi. Ciro shi ka rataya a tukunyar ruwa a kan wuta da ma'aunin zafi, ka ga ko ya buɗe a lambar da ke jikinsa, misali 82. In bai buɗe sosai ba, sabo.

In allura ta fara hawa a kan hanya, a kunna hita har ƙarshe da fankarta, a buɗe taga, ƙaramin lagireto ce ita ma. A sauko giya ɗaya don fanka da famfon ruwa su ƙara gudu. In an samu wurin raɓewa kuma ruwa ba ya zuba, kada a kashe nan take, a buɗe bonet a bar shi yana juyawa sama da silo kaɗan na minti biyu ko uku. In ruwa yana zuba ko tururi ya tashi, a kashe. Murfi ba a taɓa shi sai bayan rabin awa, da tsumma mai kauri, a juya shi zuwa matakin farko ya huce tukuna. Ƙarin ruwa kuma kaɗan-kaɗan inji yana aiki. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi shi ke fasa kan inji.

Mai Bitil:
Kawu ya gama da masu ruwa, bari in yi na masu iska. A Beetle fambel ɗaya ne ke juya janareto da fankar sanyaya inji. Jar fitilar caji ta kama kana tafiya, tsaya a nan, kada ka ce bari in kai kwana ta gaba. In fambel ne ya tsinke, 'yan mintoci sun isa su dafa injin. Saboda haka fambel biyu a mota, da sifanar da ke kwance goron fulin, kuma direba ya iya ɗaure shi da zoben ƙarfen nan da ake ragewa ko ƙarawa a tsakanin ɓarin fulin biyu.

A saita bawul inji a sanyaye ƙalau, wanda ya kwana, milimita 0.15. Bawul ɗin da ya matse ba ya zama ya sauke zafinsa, kuma a injunan kafin 1971 silinda ta uku ce ke fara ƙonewa, don na'urar sanyaya baƙin mai tana tare mata iska. Robar da ta zagaye ɗakin inji da duk gwangwanayen da ke rufe shi su cika, in akwai kafa zafin salansa yake sake shaƙa. Baƙin mai lita biyu da rabi ne kacal, a duba shi kowace safiya da kowane zango. In sandar awon mai ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, huta. A hawa kada a bar ta tana nishi a giya huɗu, a ba ta uku ko biyu ta yi ƙara, haka take so. A ɗauki wayar kuloci da ta totur. Sai bakin tagullan nan da tiyon mai yake shiga a kafireto: a ja shi da hannu, in yana motsi a gyara kafin a tashi, don yana zarewa ya watsa fetur a kan dilko, mai raba wa fulogi wuta.

Baba Direba:
Ku dawo kan birki, shi ne mai rai a ciki. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. A sa ta tun daga sama, kafin motar ta ɗau gudu. Firi a gangara haram ne a ayari. Kada a ɗora ƙafa a kan birki ana jan sa tun daga sama har ƙasa. A taka da ƙarfi na 'yan daƙiƙu, gudu ya ragu, a saki ya sha iska, a sake. Mai otomatik ya sauke sandar zuwa 2 ko L. Minor, da MGB na kafin ƙarshen 1967, da tsofaffin Mini, giyarsu ta ɗaya ba ta shiga ana tafiya sai da gurnani. A kwana mai kaifi a hawa, a rage har kusan tsayawa kafin kwanar a sa ta, ba a tsakiyarta ba. A matsattsiyar hanya mai gangarowa ne yake ba mai hawa hanya, a Ingila haka ake so, a Suwizalan doka ce.

Kawu Bakanike:
Baba ya faɗi tuƙin, ga abin da ke faruwa a ciki. In ka taka ka ji tauri amma motar ba ta tsayawa, ga wari, layinin ne ya yi zafi ya daina kamawa. In ƙafarka tana ƙara nisa a kowane taku, durom ne ya buɗe da zafi ya guje wa layinin, masu Minor da Beetle su lura. In kuwa ka taka ka ji kamar soso har ƙasa, man birki ne ya tafasa, wannan shi ne mafi muni. Man birki yana shan danshi. Mai lamba DOT 4 sabo sai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa 155. DOT 3 daga 205 yake faɗowa 140. Duk motar da man birkinta ya wuce shekara biyu a zubar a sa sabo, a fitar da iska ta kowace ƙafa. DOT 5 na silikon ba a gauraya shi da waɗannan. Mai DS kuma, in tankinsa kore ne to nata man na daban da ake kira LHM take sha, man birkin da muka sani zai cinye mata robobi duka. Ya ɗauki lita biyu nasa, kada ya dogara da na kowa.

Tiyon birki na roba yana iya kyau a waje ya ruɓe a ciki, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, sai ƙafar ta riƙe. Bayan tafiyar gwaji a kai hannu kusa da kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi ita ce. Motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960 da yawa layin birki ɗaya gare su, bututu ɗaya ya fashe babu birki ko ɗaya, don haka hambirki ya zama mai tsayar da mota da gaske. In an tsaya birki na wari, kada a ja hambirki a kan durom mai zafi. A sa giya, a tare taya da dutse, a jira minti 20 zuwa 30.

Hajiya Mai Marsandi:
Sannunku da ƙoƙari. Taya ba a ambata ba. Tsohuwar mota ba ta cinye taya, tsufa yake yi a jikinta, zanensa cif amma robar ta zama kamar itace. Hanyar bakin tafki kuwa da safe a jiƙe take, a ƙarƙashin itatuwa ma wuni take ba ta bushe ba, ga ganye. A duba lambobi huɗun ƙarshe a gefen tayan: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. In lambobi uku ne, kafin 2000 aka yi shi, a cire. Duk wanda ya kai shekara goma a sauya, har safaya. Kada a haɗa radiyal da tsohon samfurin kurosfilai a gatari ɗaya. Iska a auna ta da safe taya a sanyaye, bisa littafin motar. Beetle ta gaba ƙasa take da ta baya sosai, in aka daidaita su bayanta zai riƙa zamewa a kwana. Masu MGB mai ƙafar waya su bi wayoyin da sukuddireba suna ƙwanƙwasawa, wadda ta yi ƙarar da ba ta yi kama da sauran ba ta saki. Kowa ya gwada jak ɗinsa a gida ya kwance ƙafa ɗaya, ya tabbata gorunan suna kwantuwa da sifanar da ke but.

Sai mai. Fetur na yanzu da sinadarin etanol yake zuwa, a Birtaniya tun Satumban 2021 E10, mai etanol har kashi 10, shi ne na yau da kullum. Yana cin tsohuwar roba yana kuma shan danshi. Inda akwai E5, mai har kashi 5, a sha shi. Tiyon mai duka a mayar da su masu lamba R9 a jiki. A sa 'yar filta mai gani-har-hanji kafin famfon mai, a riƙe biyu a ajiye, domin kwana da tudu suna tayar da tsatsar da ta shekara a kwance a gindin tanki. Ayari duka ya sha mai tare, da yamma kafin a kwanta, kuma kowa ya cika in ya kai rabi. Tsohuwar Mini lita 25 ne tankinta, ita za ta faɗa muku nisan da ke tsakanin gidajen mai.

Autan Zaure:
Hajiya, akwai abin da ke ɗaure mini kai. Mota ta hau tudu lafiya, a tsaya kallon tafki minti goma, a zo tashi ta ƙi. Batir da ƙarfinsa, sitata na juyawa. Mene ne?

Hajiya Mai Marsandi:
Ɗana, zafin da ya taru ne. Da ka kashe, fanka ta tsaya, iska ta tsaya, zafin inji ya hau kan kafireto da famfon mai, fetur ya tafasa. Ko dai ya zama tururi a bututu famfo ya kasa jan sa, ko ya tumbatsa cikin inji ya jiƙa fulogi. In kana jin warin mai, taka totur har ƙasa ka riƙe, kada ka yi ta famfawa, kada ka ja cok, ka murza. In babu wari, buɗe bonet ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai da bututun, minti goma za ta tashi. Rigakafinsa shi ne a buɗe bonet a kowane zangon da ya biyo bayan hawa, a faka ana fuskantar iska, kuma a tabbata garkuwar zafin da ke tsakanin kafireto da bakin salansa tana nan, musamman a MGB.

Malam Na-Lantarki:
Hazon safiya na bakin ruwa yana shiga murfin dilko ya kwanta. Kowace safiya motar da ta ƙi tashi a fara da nan: a cire murfin, a goge cikinsa da busasshen ƙyalle, a fesa maganin korar danshi a wayoyin fulogi. Mini ta fi kowa, don dilkonta a gaba yake, bayan ragar hanci, ruwan sama kai tsaye yake dukan sa. A sa mata garkuwarta.

Kowace mota ta ɗauki kwantak, kwandansa, rota, murfin dilko, fulogi saiti ɗaya, fis, da kwayil ɗaya ga kowane iri. Tazarar kwantak a Beetle da MGB wajen milimita 0.4 ce. Abin da na fi so ku ji shi ne: kayan ajiyar a ɗaura su a motar a yi tafiya da su kafin a sa su a but. Sababbin kwandansa da rota da yawa daga kwali suke zuwa da ciwo. Mafi aminci a ɗaura sabon, tsohon da aka san yana aiki shi ne na ajiya.

Gane ciwo a bakin hanya ba wuya. Motar da ta ɗauke ɗif kamar an kashe makulli, wuta ce. Wadda ta yi ta shaƙewa tana fizga kafin ta mutu, mai ne. Wadda ke mutuwa in ta yi zafi ta tashi bayan minti 15 ko 20, kwayil ko kwandansa. In an buɗe murfin tanki aka ji ya ja iska, kafar numfashinsa ce ta toshe. MGB da Minor in an murza makulli ba a ji famfon mai yana tik-tik ba, a ɗan buga shi da ƙotar sukuddireba, zai kai ku zango, amma a gyara shi a daren.

Masu dinamo, wato tsohon janareton caji, su sani ba ya caji a silo. Cunkoso, ga fitila saboda ramukan dutse, ga waifa, ga hita, batir ke biya. Batir lafiyayye a kwance bolt 12.6 yake nunawa, inji na gudu 13.8 zuwa 14.4. Tsofaffin motocin Ingila da yawa jan kan batir ne haɗe da bodi, ba baƙin ba. In za a ba su wuta, ja da ja, baƙi da baƙi, kuma motocin biyu kada su taɓa juna. Cajar waya ba ta aiki a irinsu sai an juya haɗin, a riƙe batirin hannu. Beetle mai bolt 6 ba a haɗa ta da batir mai 12, turawa ake yi.

Mai Bitil:
Malam, ni ina ganin a huta da kwantak a sa na lantarki a dilko, ba saiti ba gogewa.

Malam Na-Lantarki:
Ban ƙi ba, yana tashi da kyau da safe. Amma kwantak yana gargaɗi kafin ya mutu kuma ana lallaɓa shi da takardar yashi, na lantarki in ya tafi ya tafi. Wanda zai sa ya sa yanzu, ya yi mako uku da shi, ya kuma ajiye tsohon farantin da kwantak da kwandansa da sukurorinsu a leda cikin mota. Sannan ya duba ko kwayil ɗinsa ya dace da shi, rashin dacewar ne ke ƙone yawancinsu.

Yaya Mai Taswira:
Jagaba, ga jerin. Mota goma sha biyu a layi ɗaya ba ta tafiya a irin wannan hanya. Fitilar hanya ɗaya za ta raba ku, na baya su yi ta gudu don su cim muku, ga mutanen gari sun taru a bayanku ba wurin wucewa. Ku kasu uku, huɗu-huɗu, minti biyar tsakanin kowane rukuni. A kowane rukuni mai rauni a gaba, amma a hawa a ba ta tazara sosai, don in ta tsaya na baya ya samu wurin kaucewa. Motar da ke rufe baya ta zama mafi lafiya, Marsandi mai fetur ko 504, a cikinta bakanike, igiyar ja, wayoyin ba da wuta, jarkar ruwa lita 10, jak mai taya da akwatin taimakon farko. Abin kashe gobara kuwa kowace mota da nata, kusa da hannun direba, ba a ƙarƙashin kaya ba.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe ayari: kowa da alhakin wanda ke bayansa. In ka daina ganin sa a madubi ka rage, in za a karya kwana ka jira inda ba haɗari har ya gan ka. Mota ta lalace, ita da mai rufe baya ne kawai za su tsaya, sauran su wuce zango na gaba. Mota huɗu a tsaye a kwanar bakin tafki haɗari ne.

Kowace mota a ba ta takardar hanya a buga: kilomita daga zango, zanen mahaɗa da kibiya, sunan garin da ke kan allo, wurin shan mai, da lambar wayar mai rufe baya. A cikin kwari sabis yana ɗaukewa, a sauke taswira a waya tun daga masauki. Awon kilomita na tsofaffin motoci ba ya cika daidai, kowa ya gwada nasa a kilomita goman farko ya san kuskurensa. Rediyon hannu yana taimako, a Turai samfurin PMR446 ba ya buƙatar lasisi, amma dutse na tare shi. Wani ya bi hanyar duka da motar zamani mako biyu kafin tafiya, ya ƙirga ko wuraren kallon suna ɗaukar mota huɗu, ya kuma tambayi masauki wurin kwanan motoci. Jiragen fito, irin na Windermere ko na tsakanin Bellagio da Varenna da Menaggio a Como, ba lallai su kwashe ku a sawu ɗaya ba. Mini da MGB su hau gadar jirgin a karkace, a hankali, salansarsu a ƙasa take.

Jagaba:
Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Na sa tafiyar gwaji nan da mako uku, kilomita 120, da tudu da cunkoso a ciki, wanda bai zo ba ba ya cikin ayari. Tambaya ta ƙarshe, Kawu: igiyar ja ta wadatar, ko sai an tanadi janwe?

Kawu Bakanike:
Igiya ta fitar da mota daga kwana zuwa wurin raɓewa ce, ba ta gangara da ita daga dutse ba. Motar da injinta ke kashe, in birkinta mai taimakon iska ne, taku biyu ko uku taimakon ya ƙare, kuma ba ta da giyar riƙewa, birki kaɗai za ta yi ta ci har ya tafi. Marsandi mai otomatik ba a jan ta da nisa ƙafafun baya a ƙasa, giyar ce za ta lalace. DS kuwa kada a ɗaura mata igiya sam. Birkinta da tashinta daga ƙasa duk daga famfon da inji ke juyawa suke, inji ya mutu matsin yana ƙarewa, ta zauna, birkin ya bi baya. Ita sai motar ɗauka mai shimfiɗaɗɗen baya. Kowa ya kira kamfanin inshorarsa kafin tafiya ya tabbatar yarjejeniyar ɗauko mota ta haɗa da mai shekarun tasa da kuma yankin da za ku, don wasu suna yanke iyaka a kan shekarun mota. Lambar a rubuta ta a takardar hanya, shafin farko.